Alƙali da Fitilar Yayarsa

Shagon Alƙali yana tsakanin wani mai gyaran takalma da wata mai sayar da labule, a wani layi da mota ba ta iya juyawa a cikinsa. Sana'arsa yankan gilashi da haɗa firam ɗin hoto. Hoton aure, takardar gama makaranta, madubin ɗaki, duk abin da mutum yake so ya rataya a bango wurinsa ake kawowa. Bai taɓa taka kotu ba, ko da a matsayin shaida. Sunan Alƙali a kan tebur ya samo shi.

Teburin na aikinsa ne, faffaɗa, an lulluɓe shi da tsohon bargo don kada gilashi ya karce. Duk mako a kansa yake ɗora rula, ya ja layi, ya ɓalle gilashi ƙas. Ranar Asabar da rana kuwa sai ya share garin katako, ya naɗe bargon. A ƙarƙashi akwai wata babbar taswira da ya danne da gilashi mai kauri: bakin teku, tsibirai, da garuruwan da babu su a duniya. A nan ake wasan Gaɓar Toka.

Wasan ba caca ba ne, ko da yake mai gyaran takalma ya daɗe bai yarda ba. Kowane ɗan wasa yana da mutuminsa guda a cikin labarin, shi yake magana da bakinsa, shi yake yanke masa shawara. Mutum ɗaya kuma yana riƙe da sauran duniyar: shi ne iska, shi ne 'yan fashi, shi ne mai gadin ƙofar gari. In ɗan wasa ya ce zai tsallake rami ko zai yaudari sarki, sai ya jefa dayis, irin na ludo amma mai fuska ashirin, lambar da ta fito ita take faɗin ko ya dace. Tarihin duniyar da dokokinta suna cikin wani littafi mai kauri da wani kamfani yake bugawa.

Wani injiniya ne ya kawo taswirar a sa mata firam, shekaru da yawa da suka wuce. Alƙali ya tambaye shi wace ƙasa ce wannan. Injiniyan ya ja kujera ya fara bayani, bai tashi ba sai da aka rufe shago. Da aka yi masa canjin wurin aiki, ya bar masa taswirar da littafin. Tun daga nan Alƙali ne mai riƙe da duniya, kuma dokarsa ɗaya ce. In gardama ta tashi, ba ya ɗaga murya. Yatsu biyu yake sawa ya ƙwanƙwasa bangon littafin, ya ce, "Littafi ya ce." Shi ke nan magana ta ƙare.

Mutum uku ne suke zama tare da shi. Akwai Direba, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda yake tuƙa motar ma'aikatan wani kamfanin lemo, a wasa kuma kyaftin ne na jirgin ruwa. Akwai Dogo, ƙanin matar Alƙali, mai gyaran wutar lantarki, wanda mutuminsa masunci ne mai saurin gudu da saurin baki. Sai Yaya.

Yaya yayar Alƙali ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowa a layin Yaya yake ce mata. Nas ce ta yi ritaya. Ta zo ne wata Asabar a sa wa takardar ritayarta firam, ta tarar da su suna shawarar shiga wani kogo. Ta zauna a gefe tana jira, tana tsaki.

"Yanzu ku manya da ku, za ku shiga rami babu igiya?" in ji ta.

Direba ya ce, "To ranki ya daɗe, ga kujera, zo ki nuna mana."

Ta zo ɗin. Da aka ce ta zaɓi mutuminta, ta bi taswirar da yatsa har ta tsaya kan wata hasumiya a bakin teku, wadda fitilarta take nuna wa jirage hanya tsakanin duwatsu. Ta ce wannan take so, ta saba raba dare ido biyu don wasu su ga safiya. Haka aka haifi Mai Fitila. Shekara da shekaru Yaya tana goge gilashin fitilar nan, tana zuba mata mai, tana sauka ta taimaki abokan tafiya ta koma. Kafin nan, tun da ta bar asibiti, da wuya ta fita ƙofar gida. Alƙali ya san haka, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

A saman hasumiyar, bisa ga littafi, akwai shugaban masu fitila, wani dattijo da ake kira Baba Tsoho. Alƙali ne yake masa magana. Ba da gangan ya fara ba, amma muryar da ta fito masa ta marigayi mahaifinsu ce: gyaran murya sau biyu kafin magana, da "to, to, to" in abu ya yi masa daɗi. Ranar farko Yaya ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai kan taswira. Ba su taɓa tada zancen ba.

Akwai kuma tsohon miki. Wata shekara jirgin Direba na farko ya faɗa kan duwatsun da ke ƙasan hasumiyar cikin hadari. Dayis ya ba shi biyu. Ya roƙa, ya yi rantsuwa, ya ce a tuna da abota. Alƙali ya ƙwanƙwasa littafi. Jirgi ya nutse da kayansa, sai kyaftin kaɗai ya fita a kan wani katako. Direba ya yi sabon jirgi daga baya, amma har yau in aka ambaci duwatsun sai ya dafe ƙirji.

Dogo ne ya kawo labarin, wata Talata, da sukurdireba a bayan kunne da waya a hannu.

"Yallaɓai, duniya ta kife! Kamfani ya fitar da sabon bugu, sun taɓa tarihin gaɓar gaba ɗaya. Ka ga intanet kuwa? Wani ya ɗauki bidiyo yana jefa nasa littafin a bola. Wasu suna tara sa hannu a janye shi. Wasu kuma suna ta murna, wai sai yanzu labarin ya yi gishiri. Wata ta rubuta cewa ta yi kuka a cikin mota!"

"Me suka taɓa?"

Dogo ya sosa kai. "Masu fitila."

Alƙali ya ce shi ba ya shari'a da waya, sai ya ga takarda. Ya yi odar littafin, kuma duk da haka sai da ya kasa auna gilashi daidai ranar, ya ɓata biyu. Gaskiyar magana, ɗoki yake yi. Sabon bugu yana nufin sababbin tsibirai, sababbin dodanni, shafuka masu ƙamshin sabuwar takarda. Da mai kawo saƙo ya iso, a tsaye ya yage ledar, ya buɗe, ya yi ta "kai, kai, kai" shi kaɗai yana kallon zane-zanen. Sai ya kai shafin hasumiya.

Shafin bai yi kwana-kwana ba. Ya ce tun kaka da kakanni masu fitila suna cin amanar jirage. In hadari ya haɗu, sai su juya madubin fitilar, hasken ya bar hanyar lafiya ya koma kan duwatsu. Da safe su sauka su kwashe abin da teku ta kawo. Wanda yake jagorantar abin kuwa Baba Tsoho ne, har da hotonsa yana murmushi.

Alƙali ya nemi kujera ya zauna.

Kafin yamma sai ga hon a bakin layi, ba ƙaƙƙautawa. Direba ne, Dogo ya riga ya tsegunta masa. Ya shigo da gudu, makulli yana kaɗawa a hannunsa.

"Na faɗa! Ban faɗa ba? Na ce hannuna ba ya kuskure! Kashe ni aka so yi! Alƙali, a rubuta, a sa mini a firam, in rataya a falo!"

"Ka yi a hankali, akwai gilashi a bayanka."

"Gilashin me? Ina Yaya? A kira ta, muna da magana!"

Alƙali ne ya kira ta, bayan Direba ya tafi. Ya karanta mata shafin a waya.

"Auta," in ji ta, sunan da take kiransa da shi har yanzu da furfurarsa, "in mutuniyata mai kisan kai ce, ku nemi wani ya zauna a kujerata. Ban tsufa ina ceton rai ba sannan wani kamfani ya mayar da ni 'yar fashi."

Ta kashe wayar.

A gida matar Alƙali ta lura ya tura faranti gefe. Ita ba ta wasan, amma ta san kowa a Gaɓar Toka kamar maƙwabtanta.

"To ka rufe littafin mana," in ji ta. "Kamfanin zai turo maka ɗan sanda ne?"

"Da littafin nan na nutsar da jirgin Direba."

"Da tsohon ka nutsar."

"Littafi littafi ne. In na ɗauki wanda ya yi mini daɗi na ajiye wanda bai yi ba, ai ba littafi ne yake magana ba, ni ne."

"To zaɓi. Ko doka ko Yaya. Ni dai kar ka ɓata mini tebur da tagumi."

Ya zaɓa. Ranar Juma'a ya aika wa Yaya saƙo cewa ta zo gobe, komai zai daidaita. Ya sa sabon littafin a aljihun tebur, ƙarƙashin kwalin ƙusoshi, ya tura.

Asabar ta yi. Direba ya riga kowa zuwa, da sabuwar riga. Dogo ya zo da biskit da labaran intanet: an rabu gida biyu, har wasu ƙungiyoyin wasa sun watse. Yaya ta iso a ƙarshe, ta gaisa da kowa, ta zauna a kujerarta, amma ba ta ajiye jakarta ba. A cinya ta riƙe ta.

Alƙali ya ɗora tsohon littafi a kan gilashin, wanda bangonsa ya yi laushi saboda ƙwanƙwasa. Ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Da wannan za mu ci gaba. Sabon bai shafe mu ba."

Direba ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. "A'a! Wallahi a'a! Da ni ne ai da tuni ka ƙwanƙwasa! Wato doka ta talaka ce, in ta zo kan 'yar gida sai a sa ta a aljihu?"

"Yallaɓai ya karɓi cin hanci," in ji Dogo, bakinsa cike da biskit. "A rubuta ranar."

Kunnuwan Alƙali sun yi zafi.

"Auta," in ji Yaya. "Fito da shi."

"Yaya, ai na riga na..."

"Ba ka rufe shi don Direba ba, ba za ka rufe shi don ni ba. Na ce ba na son a mayar da ni 'yar fashi, ban ce a mayar da ni jaririya ba. Fito da shi in gani da idona."

Ya jawo aljihun tebur. Ta sa tabarau, ta karanta shafin tun daga sama har ƙasa, leɓɓanta suna motsi. Ta daɗe a kan hoton dattijon. Sannan ta cire tabarau, ta ajiye jakarta a ƙasa.

"Kwana nawa nake juya abin nan a raina," in ji ta. "Ni nake goge fitilar, ni nake zuba mai. In an kashe mutane da ita, da hannuna a ciki, ko na sani ko ban sani ba. A asibiti in abu ya ɓaci ba gida muke gudu ba, sama muke hawa mu tambayi babba. Mai Fitila za ta hau sama."

Dogo ya ajiye biskit. Direba ya ɗaga kujerarsa ya zauna a bakin-bakinta.

"A sa hadari!" in ji shi. "A sa hadari, kuma jirgina yana hanya. Sabon. Na sa shi a faifai, in ya nutse ya nutse!"

Alƙali ya dubi littattafan biyu. Ya ture tsohon gefe. Ya fara, muryarsa tana ƙara ƙarfi: iska ta taso daga teku, ruwa yana dukan tagogin hasumiya, matakala tana girgiza. Can nesa ga fitilar jirgin kyaftin tana hawa tana sauka. Mai Fitila ta kai saman, ta tarar da madubi a juye, an ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo, hasken yana kwance a kan duwatsu. Baba Tsoho yana zaune kusa da shi.

Nan Alƙali ya tsaya. Ya yi magana da muryarsa ta kullum: "Ya ce miki ki koma ƙasa."

"Ba haka yake magana ba," in ji Yaya. "Yi da muryarsa."

Ya yi gyaran murya sau biyu.

"To, to, to. 'Yata, kin hawo. Da ma na san wata rana za ki hawo."

"Baba, jirgi nawa?"

"Man da kike zubawa, a ina kike tsammani ake samunsa? Garin nan kaf daga duwatsun nan yake ci. Koma ƙasa ki kwanta, da safe a ba ki rabonki."

Yaya ta dubi ƙaninta ido cikin ido.

"Ba ni makullin."

"Yana ƙasan teku, 'yata."

"To zan fasa fitilar." Ta juya ga Dogo. "Kai, masunci! Ruga bakin mashiga ka hura wuta, jirgi ya ga inda zai bi. In na kashe wannan, taka ce kaɗai za ta rage."

"Na tafi! Na ma isa!" Dogo ya jefa dayis, ya sami sha bakwai, ya buga tebur har Alƙali ya dafe gilashi.

Saura Yaya. Alƙali ya duba sabon littafin, ya ce fitilar tana da kauri, kuma dattijon zai riƙe mata hannu. Tana bukatar sha huɗu.

Ta ɗauki dayis ɗinta, kore, wanda take ajiyewa a tsohuwar kwalbar magani. Ta girgiza, ta jefa da ƙarfin da ya wuce kima. Ya yi tsalle a kan gilashi, ya wuce gefen tebur, ya gangara ƙarƙashin katakon da ake jingina gilasai. Direba da Dogo suka durƙusa lokaci guda. Dogo ya haska da waya.

"Sha tara!" ya yi ihu. "Sha tara, na rantse!"

Direba ya fara rawa a durƙushe. Sai kuma ya tsaya, domin kowa a teburin ya san dokar. Suka ɗago suna kallon Alƙali. Shi kuma yana kallon yayarsa. Ta ɗaga masa gira.

Ya sa yatsu biyu ya ƙwanƙwasa bangon sabon littafin. Ƙarar ta fi ta tsohon kauri.

"Littafi ya ce dayis ɗin da ya faɗi ƙasa ba shi da magana. A sake."

"Mugu!" in ji Direba. "Jirgina ne fa!"

"Yauwa," in ji Yaya. "Yanzu na gane ka."

Ta hure ƙurar da ke jikin dayis ɗin, ta sake jefawa a hankali. Ya mirgina a kan teku, ya bi ta kan tsibirai, ya tsaya dab da hasumiya. Sha uku.

Dogo ya ɗora hannu a ka. Alƙali ya bi shafin da yatsa, ya karanta a fili: wanda ya gaza da ɗaya ya sami abin da yake nema, amma sai ya biya da wani abu mai tsada. Ya rufe ido kaɗan, sannan ya faɗi abin da ya faru. Fitila ta fashe. Mai ya malale, wuta ta kama katakon bene. Mai Fitila ta jawo dattijon ta sauko da shi yana turjewa, hannunta na dama ya ƙone. A bayansu hasumiya tana ci kamar itace. Can a teku kyaftin ya ga hasken ƙarya ya mutu, ya ga wata 'yar wuta a bakin mashiga.

Direba ya sumbaci dayis ɗinsa, ya jefa. Sha shida.

Ihun da aka yi ya sa mai labule ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Direba yana zagaya tebur yana faɗin sunan jirginsa. Dogo yana ƙoƙarin rubuta wa mutanen intanet abin da ya faru. Yaya tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

"Ranki ya daɗe," in ji Direba da ya sami numfashi, "yanzu ba ki da hasumiya, ba ki da sana'a, garin kaf zai nemi kanki. Akwai gurbi a jirgina."

"In ka gyara ɗakin kwanan matuƙa. Na ji labarin ƙazantarsa."

Alƙali ya miƙe. Ya ɗauko abin ɗaga gilashi, ya ce Dogo ya kama ɗaya gefen. Tun ranar da ya danne taswirar ba a taɓa ɗaga gilashin ba. Suka jingina shi da bango a hankali. Takardar ta ɗan yi ja, tana warin gam. Ya zaro fensir daga bayan kunne ya miƙa wa Yaya. Ta sunkuya, ta ja layi biyu a kan hasumiyar, ta zana 'yar ƙaramar wuta a bakin mashiga.

Da za ta tafi, ta ɗauki sabon littafin ta sa a hammata. Littafin wasa bai taɓa fita daga shagon ba, kowa ya san wannan ma doka ce. Alƙali ya buɗe baki.

"Wannan dokar a wane shafi take?" in ji ta.

Ya yi tunani. Ba ta cikin kowane shafi.

"Akwai sauran hasumiyoyi a gaɓar nan," in ji Yaya, tana gyara jaka a kafaɗa. "Ina so in san su wa ke zaune a samansu."

Ya raka ta har bakin layi, ya dawo ya tarar da Direba da Dogo suna gardama a kan ko Baba Tsoho zai tsere kafin gari ya waye. Suka juyo gare shi su ji hukunci. Ya kai yatsu biyu zai ƙwanƙwasa, ya tarar babu komai a wurin sai taswira.

"Sai Yaya ta dawo da shi," in ji shi. "Ku kama mini gilashin nan mu mayar."